Tafin Mbuya Marufu

Ban gama gaisuwa ba Mbuya Marufu ta sa ƙafa ta jawo wani tsohon buhun taki daga ƙarƙashin benci, ta zazzage shi a gabana. Takalman hannu guda biyar suka zube a daɓen madafa, irin na roba da muke tausasawa a ruwan zafi mu lanƙwasa daidai da hannun da ya shanye, don kada yatsu su dunƙule. Kowanne da sunan ɗalibin da ya yi shi, da shekarar da ya zo.

"Ga 'yan'uwanki nan," in ji ta. "Wannan na wata doguwa ne mai tabarau. Wancan na wani saurayi mai tsoron kaji. Ke kuma wane launi kika kawo mini, 'yar nan?"

Shuɗi na kawo. Yana cikin jakata, kuma a lokacin na ji kunyar fito da shi.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun da har mahaifina bai taɓa iya faɗa wa abokansa ko mene ne ba. Sai ya ce Chenesai tana karatun likita, amma ba na allura ba. Aikinmu shi ne mayar wa mutum da ayyukansa na yau da kullum bayan ciwo ya raba shi da su: ci, wanka, sa tufafi, riƙe fartanya. Kowace shekara ana tura 'yan ajin ƙarshe wani asibitin mishan a bayan garin Gutu na sati shida, a ba kowa majinyaci ɗaya a ƙauyukan kewaye, wanda a kansa za a yi masa jarrabawa. Ni aka ba ni Mbuya Marufu, wato Kaka Marufu a harshenmu, ta ƙauyen Madzimbo, wadda ɓarin jikinta na hagu ya shanye shekara biyar da suka wuce. A duk gundumar babu ma'aikacin fanninmu ko ɗaya. Mu ɗalibai mu ne asibitin, kuma a shekara sati shida muke buɗewa.

Na fito da takardar tambayoyi mai shafi tara, wadda aka tsara a wata ƙasa mai nisa. Kafin in buɗe baki tsohuwar ta fara jero amsoshi, idonta a kan wuta. Ba ta shiga bahon wanka, don ba su da shi. Ba ta hawa bene. Ba ta ci da wuƙa da cokali mai yatsu, sadza, tuwon masararmu, take ci da hannun damanta kamar kowa. Surukarta Sekai, da ke ɓarar gyaɗa a bakin ƙofa, ta yi dariyar da ba ta farin ciki ba.

"Ta fi ki sanin takardar nan," ta ce. "Ai a kanmu kuke koyon aski."

Na rufe takardar saboda babu abin da ya rage in tambaya. Sai na tuna abin da Malama Dhliwayo ta koya mana tun ajin farko, wanda babu gurbinsa a shafi taran nan. Na tambayi Mbuya me ita kanta take so ta iya yi.

Ta dube ni. Sannan ta ɗago hannun hagun da na dama, ta ajiye shi a cinya, a dunƙule tamau.

"Ina so in tafa."

Ban buƙaci bayani ba, ni ma 'yar ƙasar ce. Mace ba ta karɓar komai daga hannun wani, ko ruwan sha ne, sai ta kifa tafukanta a gicciye ta tafa, sautin ya fito da zurfi. Da shi ake gaisuwa, da shi ake godiya. Shekara biyar ke nan Mbuya ba ta karɓi abu daga hannun baƙo ba. Sekai ce ke karɓa a madadinta. Ta ce ta taɓa gwada bugun dunƙulen da ɗaya hannun, sai ta ga kamar naushi take nuna wa mai kyauta, ta daina.

Ga shi jikarta Shuvai za ta yi aure. Dangin mijin za su zo a farkon Disamba, da zarar watan da al'adarmu ta hana aure a cikinsa ya wuce, kuma a cikin kayan da za su kawo akwai bargon kaka. Ango da kansa zai durƙusa ya miƙa mata.

"Ni na raini yarinyar nan tun uwarta ta rasu," in ji Mbuya. "Ba zan fizgi bargona kamar kare ya ga ƙashi ba. Ko in karɓa kamar mutum, ko in bar shi."

* * *

Sati huɗun farko su ne mafi daɗin karatuna duka. Kullum da safe in tako daga asibiti, Sekai ta ɗumama ruwa, mu tsoma hannun a ciki har ya saki. In miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya, in kama su a kan totuwar masara, daga baya a bayan ƙoƙo. Da rana ta huta da shuɗin takalmin a hannunta. Ba na neman hannun ya warke, na san ba zai warke ba. Ina so ne yatsun su buɗe daidai yadda tafin zai yi rami, na daman ya sauko a kansa.

Mbuya ba ta da haƙuri, bakinta kuma ba ya hutawa. Ta ce hannuna sanyi kamar na kwaɗo, ta ce namijin da zai aure ni ya shirya cin ɗanyen tuwo. In na ja yatsa da ƙarfi sai ta kira ni ɗiyar mahauci. Amma kullum in zan tafi akwai dafaffiyar gurjiya a ƙulle a leda tana jirana, in durƙusa in tafa in karɓa, ita kuma ta kau da kai.

Ranar Laraba ta sati na huɗu sautin ya fito. Ba mai ƙarfi ba, amma mai zurfi, irin na gaske. Sekai ta saki muciya ta leƙo. Mbuya ta sake yi, sau uku, sannan yatsun suka koma. Hawaye na bin kuncinta, ta ce hayaƙin itacen Sekai ne, wadda ba ta iya zaɓen busasshe ba.

Washegari Malama Dhliwayo ta zo duba mu. Na ba ta labari ina rawar jiki. Ta saurara har ƙarshe, ta ce na yi aiki mai kyau, sannan ta cire tabarau ta murza idanu. Mai jarrabawa daga waje zai zo a sati na shida, minti ashirin gare shi a kowane gida, kuma da takardar nan zai ba da maki. Sa riga, ɓalla maɓalli, riƙe cokali.

"Ina zai rubuta tafi, Chenesai? Nuna mini layin."

Ba muguwa ba ce. Ita kaɗai ke kula da mu talatin da biyu, kuma na san ta sha rubuta wa manya a canza takardar. Ta ce in kawo abin da za a iya aunawa, in kuma ba haka ba in maimaita shekara.

Zan so in ce tilasta mini aka yi, amma ba wanda ya riƙe hannuna. Na tuna mahaifina da ya riga ya gayyaci rabin unguwa bikin kammala karatuna. Ranar Litinin na zo da rigar sanyina mai maɓalli shida, da cokali mai kaurin mariƙi. Mbuya, wadda tunda aka haife ta ba ta mallaki tufa mai maɓalli ba, ta dube su ta dube ni. Na yi mata bayani ina in'ina.

"In wannan ne zai sa ki ci, kawo," ta ce.

Sati biyu muka yi muna ɓalla maɓalli da hannu ɗaya. Ruwan ɗumi ya koma in an samu lokaci, lokacin kuwa ba ya samuwa. Ranar jarrabawa ta zauna tsaf cikin rigata, ta ɓalla duka shidan ba tare da kuskure ba, ta sha kunu da cokali kamar matar malamin makaranta. Mai jarrabawa ya gyaɗa kai ya yi ta rubutu. Ni na zo ta ɗaya a ajinmu.

Motar jami'a na ta hon a bakin hanya lokacin da nake nuna wa Sekai yadda ake miƙe yatsun. Minti biyar na ba ta, a kan abin da na yi shekara huɗu ina koyo. Na yi wa Mbuya alkawarin zan dawo kafin Disamba mu ƙarasa, sati ɗaya ma ya isa.

"Baƙo raɓa ne," ta ce, ba da faɗa ba. "Ki gaida iyayenki."

* * *

Ban dawo ba. Akwai rubutun kammalawa, wanda a cikinsa sunanta ya zama Majinyaciya M. Akwai jarrabawar ƙarshe, sai biki, sai yawon neman aikin da babu shi, don gwamnati ba ta ɗauka. Duk gaskiya ne, kuma duk da haka motar Gutu kullum tana tashi daga tasha.

Sai a watan Yuni na je, tsakiyar sanyi a ƙasarmu, da burodi da sukari a leda. Na tarar da Sekai a bakin rumbu. Ta amsa gaisuwata yadda ya kamata, ba ta ƙara komai a kai ba. Da na tambayi hannun, ta ce ta yi ƙoƙari sati biyu, sai ruwa ya sauka. Mijinta yana maƙwabciyar ƙasa ta kudu wurin aiki, gona ita kaɗai, daga fitowar rana har faɗuwarta. Kafin a gama shuka yatsun sun koma yadda na same su, har sun fi.

Na tambayi ranar auren.

"Tun safe ta sa na dafa ruwa," in ji Sekai. "Ta gwada, ta gwada. Da muka ji motarsu sai ta ce in kai ta ɗaki. Ta juya wa bango fuska, ta ce a ce musu ba ta da lafiya. Angon ya durƙusa a bakin ƙofa ya fi rabin awa da bargon a hannu. Shuvai tana kuka. A ƙarshe ni na karɓa."

Ta ce har zuwa ranar Mbuya takan tambaya ko an ga wata yarinya ta sauka daga mota. Bayan ranar ba ta ƙara tambaya ba.

Na shiga madafa. Tana zaune inda na bar ta, ta rame, ta naɗe kafaɗa da wani tsohon zane da ya yi shara-shara. An canza lokacin turo ɗalibai a wannan shekarar, don haka a gabanta akwai wata yarinya mai sabuwar jaka, ta buɗe shafi na ɗaya a kan gwiwa. Buhun takin yana zazzage a ƙasa. Na hango shuɗin a cikinsu, da sunana a jiki da rubutun hannuna.

Na durƙusa na tafa na gaishe ta. Ta gane ni nan take.

"Ɗiyar mahauci," ta ce. "Kin ci jarrabawar?"

Na ce na ci, Mbuya.

"To madalla. Ai ba a yi wahalar banza ba."

Na miƙa mata ledar da hannu biyu. Ta dubi ledar, ta dubi dunƙulen da ke cinyarta, sannan ta kira Sekai ta zo ta karɓa wa baƙuwa kayanta.

Iska mai sanyi ta shigo ta ƙofa, tsohuwar ta ƙara jan zanen da hannunta ɗaya. A bayanta, a kan kantar da ake jera tukwane, bargon yana nan cikin ledarsa ta kanti, ko zif ɗin ba a buɗe ba, hayaƙi ya fara dusashe furannin da ke jikinsa.

Yarinyar ta gyara alƙalami, ta yi gyaran murya.

"Mbuya, kina iya shiga bahon wanka da kanki?"