Gudumar Don Cleto

"Ajiye kofin nan, ka leƙa ƙarƙashin gado. Akwai guduma," in ji Don Cleto daga kwance.

Leoncio ya ajiye kofin ya durƙusa. Ƙaramar guduma ce, ƙotarta ta yi sulɓi saboda riƙo. Shekara goma sha tara yana haya a hawa na biyu, kuma kullum da safe kafin ya tafi gareji sai ya ji ta: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Don Cleto, tsohon magini, yana bin ginshiƙai shida na ƙasan benen yana ƙwanƙwasawa. 'Yan haya sun ɗauka tsufa ne. Leoncio ya taɓa tambayarsa, ya ce gaishe su yake yi. Yanzu kwana tara ke nan ba a ji gudumar ba, tun da asibiti suka sallamo tsohon suka ce a kai shi gida ya huta.

"Me zan yi da ita, Don Cleto?"

"An ce jibi Juma'a za ka sa hannu."

"Ƙarfe goma, a ofishin lauya."

"Inshora fa? Nawa suka yanka maka?"

Nan ne ke yi wa Leoncio ƙaiƙayi. Fausto, ɗan marigayi mai gidan, ya sa benen a kasuwa, hawa huɗu, gida takwas, a farashin da ko kare ya ji sai ya waiwaya don arha. Leoncio ya tattara abin da ya tara na shekara ashirin a ƙarƙashin motoci, ƙanwarsa da ke wankin asibiti a New York ta turo nata. Fausto ya nuna masa tsohuwar takardar inshora, peso dubu sittin a shekara. Amma da ya je kamfanin da kansa, matar da ke teburin ta tambaye shi shekarar da aka yi ginin da nisansa da teku, ta danna na'ura, ta ce dubu ɗari da casa'in. Girgizar ƙasa ma ba ta ciki sai ya kawo rahoton injiniya.

"Ɓarayi ne masu takalmi mai tsini," in ji Leoncio. "Ko ganin ginin ba ta yi ba. Daga jin sunan unguwa sai ta ninka sau uku. Abin da nake so in sani, me ta sani wanda ni da nake kwana a ciki ban sani ba?"

Tsohon ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Yudelka, matar Leoncio, ta shigo da romon kaza a kwano, ta tallafo kansa.

"Kai kuma ka zo ka tsaya kamar fanka marar wuta. Miƙo matashi."

"Bar shi, 'yata, aike zan yi masa," Don Cleto ya ce. "Je ka buga su duka shida, daidai ƙugunka. Kai makanike ne, kana da kunne. Ka dawo ka gaya mini."

Leoncio ya fita. Rana ta take, iskar teku tana kaɗa shanyar mutanen sama. Ya fara daga na bakin ƙofa. Ƙwas. Sauti tsaf, gudumar har tana dawowa hannu. Na biyu haka, na uku haka. Na huɗu, wanda ke jikin matakala, ya amsa da wani irin bum, kamar an bugi kankana. Ya sake bugawa. Ya matsa na biyar, shi ma bum. A jikin na huɗun ya lura da zane-zanen alli, layi-layi, wasu sun dushe.

"Huɗu lafiya," ya ce da ya dawo. "Biyu kamar ba kowa a ciki."

"Biyu?"

"Na matakala da na kusa da shi."

Don Cleto ya rufe ido. "Watan jiya ɗaya ne. Shi nake ja wa layi da alli duk ranar da na duba shi."

Yudelka ta ajiye cokali.

"Ni na zuba su," tsohon ya ce. "Ina da shekara talatin da ɗaya. Uban Fausto ya ce yashin kogi ya yi tsada, ga na bakin teku nan kyauta. Tifa goma sha ɗaya muka kwaso. Na ce a wanke, ya ce ruwan ma kuɗi ne. Yashin teku gishiri gare shi, Leoncio. Yana cin rodi daga ciki, rodin ya kumbura, ya tura kankare. Daga waje fenti ne kawai kake gani."

"Shekara arba'in yana tsaye ai."

"Hawa biyu na yi wa tushe. Ka san halinmu, ba mai gama gini a ƙasar nan, sai a bar rodi tsirara a sama ko Allah zai kawo kuɗi. To ya kawo. Aka ɗora biyu a kai."

"Kamfanin sun san wannan?"

"Ba su san ni ba. Sun dai san shekarun nan duk unguwar da yashin teku aka gina ta. Sun biya wasu, sun koyi hankali."

Leoncio ya juya gudumar a hannu. Akwai abin da ya daɗe yana ba shi mamaki, sai yanzu ya tambaya.

"'Yarka ta yi ta roƙonka ka koma wurinta a Santiago. Me ya zaunar da kai a ɗakin ƙasa?"

"In zai sauko, ya fara da wanda ya zuba shi." Ya buɗe ido. "Romon nan ba gishiri, 'yata."

"Likita ya hana."

"Gidan nan kaf gishiri ne, sai ni za a hana."

Ya sha cokali uku. Washegari Alhamis da hantsi, Yudelka na goge masa fuska, ya cika.

Kafin la'asar an jera kujerun roba a gaban benen. Mata suna addu'a a ciki, maza suna wasan domino a waje, kofi yana zagayawa. Fausto ya iso daga babban birni da furanni masu tsada. Ya rungumi 'yar mamacin, sannan ya jawo Leoncio gefe, daidai jikin matakala.

"Compadre, abokina, rashi ne babba. Amma goben nan tana nan ko? Lauya ya shirya komai."

"Gobe ƙarfe goma ina ɗauke da akwatin gawa."

"To ƙarfe biyu."

"Sai injiniya ya fasa ginshiƙin nan ya duba rodi. Ni zan biya shi."

"Injiniya kuma? Matar inshorar nan ce ta tsorata ka? Ina da wanda zai yi maka a dubu sittin, ba tambaya."

"Wanda ba ya tambaya ranar karɓa, ranar biya zai yi ta."

Fausto ya gyara tabarau. "Akwai wani mai saye, ka sani. Kuɗi a hannu."

"Turo shi. Ina da guduma, zan ara masa."

Fausto ya kalli ginshiƙin da ya jingina da shi, ya janye kafaɗarsa a hankali, ya kaɗe rigarsa. Bai tsaya shan kofi ba.

Aka binne Don Cleto ranar Juma'a. Leoncio bai je wurin lauya ba. Ya kira ƙanwarsa ya ce kuɗinta na nan ba a taɓa ba, ta yi masa faɗa na minti goma, ya saurara. Da yamma ya kawo turakun ƙarfe huɗu daga gareji ya tokare rufin matakala, ya bi gida takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya ya faɗa musu injiniya zai zo Litinin, da abin da ya sa.

Asabar da safe ya sauko da kayan aiki a jikinsa. A sama wani ya kunna rediyo, ana soya ayaba. Ya ɗauki gudumar ya bi su: ƙwas, ƙwas, ƙwas, bum, bum. Na shida ya buga sau biyu kafin ya yarda da shi. A gindin na matakala wani farin gari ya zubo daga tsaga. Ya dangwala da yatsa ya kai harshe.

Guntun allin yana nan a kan tagar tsohon. Ya ɗauka, ya ja layi ɗaya a jikin ginshiƙin, a ƙarƙashin na Don Cleto.