Yadda Ake Kallo a Kulob

Fabian ya ja taye ɗin da ke wuyan Ishaku har sai da Ishaku ya yi tari.

"Haka ake ɗaura shi, Alhaji. Kai ka ɗaura naka kamar igiyan akuya."

Suna tsaye a barandar kulob ɗin da Turawan kuza suka bari, ranar Asabar bayan la'asar. Fabian shi ne sakataren kulob. Ishaku kuwa mai sayar da katako ne a kasuwar Katako, kuma bai taɓa sa kwat ba sai yau. A wannan shekarar, gwamnati tana ta gina azuzuwan firamare, kowane aji yana bukatar benci. Duk Jos an san ba a ofis ake raba kwangilar ba, a kujerun kulob ɗin nan ake raba ta, kuma sai mamba yake zama a kansu. Kwamitin kulob zai duba sunan Ishaku da zarar an gama fim ɗin yau.

"Ka saurare ni," in ji Fabian. "Ba ihu. Ba fito. Ba tafi sai an kunna wuta. Kuma ba ka magana da mutanen cikin fim. Nan ba silima na cikin gari ba ne, oga."

"Ai na ji."

Ishaku ya ji, amma tun yana saurayi yake shiga silima, kuma a inda ya saba shiga kallo aiki ne na kowa da kowa. Ana zagin mugu har uwarsa, ana jifan allo da ɓawon gyaɗa, ana gaya wa jarumi ya waiwaya. Wanda ya zauna shiru, barci yake yi.

A ciki an ja labulaye masu kauri. Ɗakin yana warin tsofaffin kujeru da giya. Hotunan Turawan da suka tafi suna nan jere a bango, ana goge musu ƙura kowace safiya. Shugaban kulob, Alhaji Hamman, babban ma'aikacin gwamnati, ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce a ɗakin nan aka fara nuna fim ɗin, lokacin da baƙar fata ba ya shigowa sai da faranti a hannu. Ya ce launinsa ya koɗe saboda tsufa, aka gyara shi a Landan, aka maido masa da launin kamar ranar farko.

"Yau ga shi mu ne a kujerun," ya ce.

Aka yi masa tafi a hankali, da yatsu, kamar masu tsoron tada jariri.

Fim ɗin na mutanen Ingila ne na zamanin keken doki. Wata mace ce mai riga kamar gidan sauro, ta gaji wani ƙaton gida, ta auri wani mai gashin baki. Masu gyaran launi sun cika hannu: fuskokin sun yi jawur kamar naman da aka feɗe yanzu. Babu waƙa, babu rawa, babu ko mari. Mutum ya shigo ɗaki, ya faɗi magana, ya fita. Wani ya shigo. A waje kullum ruwa ake yi.

Ishaku ya saci kallon mambobi. Kan Alhaji Hamman ya karkata, hularsa ta sauko kan gira. Madam Ulonma, matar wani likita, wadda ta yi karatun nas a Ingila kuma ba ta bari a manta, ta riƙe hankici a kusa da ido tun ba a yi abin kuka ba. Sauran sun miƙe wuya, suna duba agogo a ɓoye.

Ishaku kaɗai abin ya kama. Turancinsa bai wuce na ciniki ba, amma bai bukaci tafinta ba. Mai gashin bakin gidan yake so, ba matar ba. Ga shi ya juya mata baya, ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya ɗiga a kofin madararta. Abin kore shar, kamar maganin ƙwari. Matar ta karɓa, ta yi masa murmushi, ta ɗaga kofin.

"Ke! Kada ki sha! Ya zuba miki wani abu!"

Sai da maganar ta fita Ishaku ya tarar da kansa a tsaye, hannu a miƙe.

Kawuna suka juyo. Alhaji Hamman ya farka ya ce, "An gama?" Madam Ulonma ta faɗi wata kalma da Turanci, waɗanda ke kusa da ita suka gyaɗa kai. Fabian ya riƙo hannun kwat ɗin Ishaku ya ja shi waje.

"Ka kashe ni, Alhaji! Ni na kawo sunanka. Ni!"

"Mutumin nan kashe ta zai yi, ku kuna zaune kamar gumaka."

"Fim ne!"

"Na san fim ne. Ta sha?"

"Wa?"

"Matar mana."

"Ina na sani? Ni mambobi nake kallo, ba fim ba." Fabian ya share goshi da bayan hannu. "Ka ji yadda za a yi. Ka koma ka ba Madam haƙuri, ka zauna shiru har ƙarshe. Ko bam ya fashe a allo, kai dai shiru. In ka fita get ɗin can, wallahi ko benci ɗaya ba za ka ƙera wa gwamnati ba."

Ishaku ya dubi motarsa a ƙarƙashin bishiya. Ya san har yanzu zai iya samun fim ɗin Indiya a cikin gari, inda mutane suke da baki. Ya kuma san tulin katakon da ya riga ya ɗauko daga kudu saboda kwangilar nan yana jibge a fili, ga damina ta matso. Ya tsaya har Fabian ya fara buga ƙafa. Sannan ya gyara taye ɗin da kansa.

Ya sunkuya gaban Madam Ulonma ya ce ta yi haƙuri. Ba ta dube shi ba, ta ɗan ɗaga hankici.

A allo matar tana kwance, leɓɓanta sun yi shuɗi. Mijin ya zauna a bakin gado yana shafa mata gashi. Ya sake juya baya. Ya sake zaro kwalbar. Wannan karon shi ya tallafo kanta ya kai kofin bakinta. Ishaku ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ta shanye tas. Ta daɗe tana mutuwa, da goge da kaɗe-kaɗe, kuma Ishaku ko tari bai yi ba.

Da aka kunna wuta ya yi tafi da yatsu, daidai da na kowa.

Alhaji Hamman ya tsaya a gabansa a hanyar shiga ɗakin kwamiti, ya miƙa masa hannu.

"Alhaji Ishaku, a rabin farko ka ba mu tsoro. Amma na ga kana da saurin koyo. Ka leƙo Litinin, Fabian zai ba ka katinka."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Yaya ka ga fim ɗin?"

"Ya yi kyau ƙwarai."

"Launin, ko?"

"Launin, ranka ya daɗe," in ji Ishaku.