Jinkar Baba

A garinmu, can saman duwatsun Simbu, da safe ba ka raba hayaƙi da hazo. Kowane ɗaki yana fitar da nasa ta cikin tofar jinka, a hankali, har ya haɗu da gajimaren da ya kwana a kwari. Ina yarinya na ɗauka ɗakunan ne ke yin gajimare, kuma har yau ban gama yarda ba haka ba ne.

Ɗakin mahaifiyata, Dirua, ya fi kowanne baƙin ciki, ina nufin baƙin kunkunniya. Babana Kawage ne ya yi jinkar da hannunsa, shekara guda kafin ya rasu. Murhu a tsakiya, taga babu, ƙofa sai ka sunkuya. Hayaƙi shi ke raya jinka a wurinmu: ya busar da tofa, ya kori ƙwari, ya shafe ta har ta yi ƙyalli, ruwa ya zame. A nan Mama take tura dankali cikin toka, idonta na hawaye, tana tari tana hira.

Tarin kuwa ba wanda ya ɗauke shi ciwo. Tsofaffin matan garinmu duk suna yi, kamar yadda kaji ke kyarkyara. Wasu su ce sanyin dutse ne, wasu su ce tsufa. Ni ma haka na ɗauka, sai da na ga Mama tana tsayawa sau huɗu kafin ta kai gona, ita da a da take hawa da jakar dankali a ka da ɗan alade a hammata.

Da ƙyar na ja ta asibitin ƙasan kwari. Nas ta ɗora mata abin saurare a baya, ta daɗe tana saurare, sannan ta tambaya shekara nawa tana shan taba. Mama ta yi dariya har tarin ya sarƙe ta, don ko ganyen ba ta taɓa murzawa ba. Nas ta ce to murhun ne, kuma idan ba a fitar da wutar daga ɗaki ba, huhun ba zai kai damina biyu ba. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Ni ba na yin abu rabi da rabi. Cikin kwana uku na sa Kawu Gende, ƙanen Mama, ya kafa rumfa a waje, iska ta ko'ina, na kwashe duwatsun murhu na kai can. Kawu yana ɗaure itace yana tsokanata, wai 'yar boko za ta koya wa kakanninta numfashi. Mama kuwa ta tsaya tana kallon baƙin gurbin da murhun ya bari.

Watanni suka wuce. Tarin ya yi sauƙi, tsayuwar hanya ta koma biyu, ni kuwa sai hura hanci nake. Amma ɗakin ya yi sanyi, ya fara warin ruɓa. Ƙwari suka dinga faɗowa cikin kwano. Da ruwa ya zauna sosai, sai ɗigo ya fara, nan ɗaya, can ɗaya, muna bin sa da tukwane. Na sha ganin Mama ta miƙa hannu tana shafa tofar da ta yi laushi, wurin da Baba ya yi ƙullinsa na hagu, don shi bahago ne.

Wata rana da hantsi ina saukowa daga gona cikin yayyafi, sai na hangi jinkarmu tana hayaƙi. Fari ne, mai kauri, yana tashi a natse kamar ɗakin ya farka daga barci. Na tsaya ina kallo, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji kafin raina ya ɓaci. Na tarar da ita durƙushe a ciki, tana tula ɗanyen ganye kan garwashi, tana haki.

"Mama, so kike ki kashe kanki? Ba ki ji abin da nas ta ce ba?"

"Ke Moro, rufe min baki," in ji ta. "Kin ɗauka nas ce ta fara gaya min? Uwata da wannan tarin ta tafi, ina zaune gefenta. Mun sani, duk mun sani. Amma abin da ya rage min na ubanki ke nan, ba zan zuba ido ya ruɓe a kaina ba."

Na kama ta na fitar da ita rumfa, na ce tunda jinka hayaƙi take so, ni zan ba ta. Kullum da safe sai in shiga in tula ganye, in zauna ina fifita, Mama na waje tana ba ni umarni ta ƙofa. Ɗigon ya ragu. A cikin farin duhun nan har inuwar Baba nake gani kan tsani, yana ja yana ƙullawa.

A mako na biyar ne tarin ya zo min, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, wanda ba ya tsayawa da wuri. Mama ta sunkuyo ta shigo da tulun ruwa, ta juye shi duka kan wutar, ta ja ni waje da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta daɗe tana kallon jinkar, yayyafi na sauka a fuskarta.

"Je ki kira min Gende," ta ce. "Ki ce ya zo da adda, a sauke jinkar nan."