Mai Riga da Marar Riga

Malama Kulu ce ta bi gida-gida a Rimawa, har cikin fadamun albasa masu shan ruwan dam ɗin Goronyo, tana roƙon iyaye su bar yara su taɓa kwamfutocin hannu da za a kawo makaranta. Ta rantse musu cewa burauzar yara, wato manhajar shiga intanet, ba irin ta manya ba ce, shinge gare ta, ba ta buɗe komai sai karatu. Alhaji Sodangi, wanda in ya ce a'a duk unguwa ta ce a'a, albarkacin maganarta kawai ya bar jikarsa Sa'adiyya.

Kaya suka iso, mai haɗawa bai biyo su ba. Iri biyu ne, rabi da rabi: masu kauri cikin rigar roba, da sirara marasa riga. Hedimasta Malam Gidaɗo ya yi rabo irin na naman suna, babba ya fara ɗauka. To wa zai ga mai riga ya ɗauki tsirara? Malamai suka kwashe masu kauri, 'yan aji shida suka haɗu a kan sauran.

Nan ruɗani ya fara. Hedimasta ya nemi labaran duniya, wani zomo ya fito a fuskar kwamfutar yana girgiza masa kai. Malamin noma ya nemi maganin tsutsar albasa, zomon nan dai.

"In tamu ta manya haka take," in ji Malam Gidaɗo, "ta ɗiya ai ko gaisuwa ba ta amsawa."

Kowa ya gamsu, har Kulu. Sai dai ta rasa inda yara suka samo wata rawa da suke yi lokacin tara, abin yana ta damunta.

Ranar da Alhaji Sodangi ya zo dubawa, hedimasta ya girmama shi da tasa kwamfutar. Aka nemi waƙa, aka nemi rawa, zomo ya ƙi. Tsoho ya yi dariya har da tafi.

Kulu ta tafi aji ta ɗauko ta yara don ƙarin shaida. Ta tarar sun yi cincirindo a kan wasu mata masu rawa a cikin kwamfutar, tufafinsu ba su kai na jariri ba. Sai yanzu ta gane wa aka ɗinka wa rigar roba.

Ta dawo da ita a hannu, Alhaji yana cewa, "Kulu, kin cika alkawari, Allah shi yi miki albarka."

Kunya ta kama ta, amma ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallo.

"Wagga fa, mi ta?"

"Ita ɗiya ka riƙewa, Baba. Mun yi kuskuren rabo, yau za mu musanya."

Bai ɗaga murya ba. Ya je ƙofar aji ya ce Sa'adiyya ta ɗauki takalmanta. Kafin ta gama sakawa, yaran unguwarsu duka sun miƙe.