Kwalaben da Lyle Ya Rarraba

Lyle yana share ɓaraguzan kwalbar farko a gareji sai ta biyu ta fashe. Kumfa ya wanke masa takalmi, wurin ya gauraye da ƙamshin hof, furen da ake sa wa giya, ainihin ƙamshin da ya daɗe yana nema a giyarsa.

"Nawa ka rarraba?" in ji matarsa Marcy daga bakin ƙofa.

"Goma sha takwas. Gida uku."

"To, malamin giya, ga makullin mota."

Ya san laifinsa. Giyar ba ta gama nuna ba ya ɗura ta ya toshe, don kada ƙamshin ya gudu. Yanzu yisti na can yana aiki a cikin kwalba yana tara iska, iskar kuwa ba ta da mafita. Ya sa safar hannu, ya buɗe sauran nasa ɗaya bayan ɗaya, ya tuttular a lambatu. Don haushi ko ɗanɗanawa bai yi ba.

Gida biyu ba su ba shi wahala ba. Ya karɓa, ya ba da haƙuri, ya zubar.

Na ukun gidan Warren ne, tsohon da ke alƙalancin ɗanɗanon giya a ƙungiyarsu ta masu dafa giya a garin Yakima. Lyle ya yi minti goma a mota yana shawara da kansa. Warren a firji yake ajiye giya, sanyi kuwa yana kwantar da yisti. In ya yi shiru, wataƙila babu abin da zai faru. Amma jikokin mutumin ma suna buɗe firjin nan. Ya ja tsaki ya fito.

"Sarkin gaggawa," in ji Warren. "Ka zo goge mini silin?"

"Wani ya ji ciwo?"

"Silin kawai. Biyar na buɗe, rabin kowacce ta tafi sama." Ya gyara tabarau. "Shekara tara kana kawo mini ruwan wanke-wanke, yaro. Wannan ce ta farko da na nemi ƙari. Saura nawa a gida?"

Lyle ya dubi safar hannunsa da ta jiƙe.

"Babu. Ba ni ta shidan."

"Ka sha?"

"In zubar."

"Ashe ba ka da hankali," in ji Warren, ya tura ƙofa a hankali ya murza makulli.