Kwana Ɗari da Bakwai

Gwangwanayen madara uku nake da su a kan tebur, a ajin 'yan shekara shida. Na dama gidan ɗaiɗai ne, na tsakiya gidan gomomi, na hagu gidan ɗaruruwa. Kowace safiyar makaranta muna jefa tsinken tsintsiya guda a na dama, don ƙirga kwanakin da muka yi. Doka ɗaya ce, kuma na nanata ta har bakina ya gaji: gidan ɗaiɗai ba ya ɗaukar goma. Da sun cika goma, a ɗaure su da roba, su tashi zuwa gidan gomomi.

Mai ɗaurewar ita ce Auta, wadda ta fi kowa ƙanƙanta a ajin, ta kuma fi kowa ba ni ciwon kai. Farkon zuwanta, in na ce ta rubuta goma sha uku, sai ta zana goma, ta manna uku a gefe, ta miƙo mini ɗari da uku tana washe baki. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza. Sai ranar da na damƙa mata roba na ce ta ɗaure da hannunta, a nan kan nata ya buɗe. Tun daga ranar ba wanda ya isa ya taɓa robar nan.

"Malama, ranar ɗari fa?" ta tambaye ni. "Dami goma, wa zai haɗa su?"

"Ke mana. Ko akwai wata mai rigima irinki?"

"Kin yi alkawari?"

Na ce na yi.

Ranar kwana casa'in da bakwai ba ta zo ba. Aka ce zazzaɓi ne, daga baya aka ce an kwantar da ita a asibiti. Muka kai casa'in da tara, dami tara da tsinke tara. Washegari na jefa tsinke na goma, yara suka zuba mini ido, na ce mu jira ta. Haka muka yi ta jefawa, sha ɗaya, sha biyu, gwangwanin ya cika har tsinkaye suna leƙowa.

Wata mai baki da muke kira Lauya ta ɗaga hannu. "Malama, ba ke kika ce gidan ɗaiɗai ba ya ɗaukar goma ba?"

"Ni na ce. Zauna."

Shugaban makaranta ma da ya leƙo ya ce ina rikita wa yara lissafi. Gaskiyarsa ce, shi ya sa na ji haushinsa.

Ranar Talata da hantsi, tsinke goma sha bakwai a gwangwani, na hango mutum tsaye a bakin ƙofa da 'yar jakar Auta a hannu. Babanta ne, tela. Na je na same shi.

"Malama, Auta ta rasu jiya da la'asar."

Na ce Allah ya jiƙanta, ban ma ji muryata ba. Ya ciro wata jar roba mai kauri daga aljihu.

"A hannunta take tun da aka kwantar da ita. Ko masu jinya ta hana su cirewa. Ta ce ƙananan robobinki ba za su riƙe ɗari ba, tsinkewa za su yi." Ya miƙo mini ita. "Kullum sai ta ce mini, Baba, Malama za ta jira ni."

Na jira ta kuwa. Ban san abin da jiran ya amfana mata ba, kuma har yau zuciyata ba ta daina ciwo a kan haka ba.

Da ya tafi na juye gwangwanin. Na ƙirga goma na ɗaure. Na haɗa dami goma da jar robarta, ta riƙe su tsam, na saka a gidan ɗaruruwa. Saura bakwai a na dama. Na rubuta ɗaya a allo, na bar fili, na rubuta bakwai.

"Malama, na tsakiya babu komai," in ji Lauya a hankali. "Mu cire gwangwanin?"

"A'a. Sifili za mu sa. Ko babu kowa a gidan, ba a ba wani wurinsa."

Na rubuta sifilin. Da na juyo, yarinyar da ta matsa kan gurbin Auta a benci tun makon jiya ta tattara littattafanta, ta koma inda take da.