Kyamarar Barau Ta Kalli Kudu

Kwana goma sha ɗaya Barau yana jiran sama ta washe. Damina ba ta da mutunci: da magariba sai ta nuna maka taurari, kafin ka ɗora kyamara a kan ƙafafunta uku hadari ya taso daga gabas. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kankara, kuma abin da ya hana shi zama wuri guda wani jan gajimare ne na ƙura da iska, can cikin taurarin kudu, inda ake haifar sababbin taurari. Ido ba ya kama shi sosai. Sai an bar kyamara a buɗe tana tara haske kaɗan-kaɗan.

Ran nan aka sheƙa ruwa da la'asar, sama ta wanke tas. Bayan isha'i ya hau soro, ya saita dogon gilashin kyamarar, ya rufe tocilarsa da jar leda don kada ta kashe masa ido. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa, ya koma. Ko shayin da Najiba matarsa ta miƙo masa bai taɓa ba.

Abin da bai lissafa ba, wai shi mai ilimi, kudun Kankara ba taurari kaɗai ke akwai ba. Faskari na can, Sabuwa na can, dajin 'yan bindiga na can. Mutum a saman soro da abu mai kama da bakin bindiga, yana kunna jar wuta yana kashewa, sunansa ɗaya a garin nan: infoma. Wanda aka liƙa wa sunan nan kuwa ba ya kai safe.

Hasken tocila biyar ya dalle shi lokaci guda. 'Yan sa-kai ne suka hawo soron, a gabansu Alhaji Gide, dattijon unguwa, wanda aka sace ɗiyarsa Amatullah a hanyar Yankara wata guda da ya wuce.

"Wa kake yi ma alama?"

"Baba, taurari nake ɗauka."

Wani ya ɗana bindiga. Barau ya juya musu bayan kyamarar: baƙi wuluk, ɗigon fari barkatai, a tsakiya ɗan ja-ja kamar an shafa jan-baki. Ya shiga zuba, wai hasken nan ya yi shekara dubbai yana tafe.

Alhaji Gide ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Abin nan da ke ganin nesa haka, yana iya hango cikin dajin Sabuwa?"

Barau ya gane tambayar. In ya ce e, ya tabbata mai leƙen asiri. Kuma ya ga sarai dattijon so yake ya ce e, ko da ƙarya ce.

"Ba ya iyawa, Baba. Ko bayan itacen dalbejiyar can ba ya gani. Sama kawai."

"Ko wutar da suke hurawa?"

"Ko ita."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya juya ga mutanensa ya ce su sauka, wannan ba infoma ba ne, malami ne kawai.

Barau ya tsira, amma bai ji daɗin tsirar ba. Yana tsaye yana jin Alhaji Gide na sauka a tsani a hankali, yana laluben kowace matakala, bai ko kunna tocilarsa ba.